Tambaya: ta yaya ake sanin shekarun bangon tsohuwar fadar yaƙi?

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan fadojin yaƙin nan ne na dutse, masu ganuwa da hasumiya, irin na Turai da ƙasar Sham. In ɗauki ɗaya misali: Ƙal'atul Husni da ke yamma da Hims a Siriya, wadda Turawa ke kira Krak des Chevaliers. Wani ya ce an gina ta a 1031, wani ya ce 1142, wani ya ce ai sai bayan girgizar ƙasar 1170, sannan ga sunan Sarki Baibars na Masar a jikin bango da shekarar 1271. To wanne ne gaskiya? Shi dutse dai ba baki gare shi ba. Akwai na'urar da ake kara wa bango ta faɗi shekarunsa, ko kuwa kintace kawai masana ke yi? Don Allah wanda ya sani ya warware mini. Yadda ake aikin da hannu nake son ji, ba labarin yaƙi ba.

Jikan Magina ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, shekarun nan huɗu duk daidai ne, sai dai kowacce da abin da take nufi. A 1031 ne sarkin Halab ya zaunar da dakarun Kurdawa a kan tudun, shi ya sa aka daɗe ana ce wa wurin Husnul Akrad, amma ginin wancan zamani babu abin da ya rage a tsaye da za a nuna maka. A 1142 mai mulkin Tarabulus ta ƙasar Sham (a Lebanon ta yau), Raymond na II, ya miƙa wurin ga ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Hospitaller. Ginin ciki mafi tsufa da ido ke gani yau, bayan girgizar 1170 aka tayar da shi. Baibars kuwa ya ci wurin ne a watan Afrilun 1271, ya sake gina abin da ya rusa a gefen kudu, ya sa aka rubuta sunansa. Har Ƙalawun, wani sarkin Masar na bayan Baibars, ya zo ya ƙara babbar hasumiya mai kusurwa huɗu a 1285. Ka ga ke nan tambayar da ake yi ita ce wane bango, ba wace fada ba.

Na'urar da kake tambaya babu ita. Dutsen ya girmi ginin da miliyoyin shekaru, abin da ake nema kuwa ranar da aka ɗora shi. Don haka kafin a yi maganar shekara, sai an fara gano wa ya riga wa.

Ana soma wa da share ciyayi da yaɗo daga jikin bango. Sai a ɗauki hotuna, kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da fiye da rabi, kwamfuta ta haɗa su su zama fuska ɗaya miƙaƙƙiya. A kanta ake zana bangon dutse bayan dutse, galibi a ma'aunin 1:20. Duk yankin da aikinsa ya zo iri ɗaya, wato dutse ɗaya, kaurin sahu ɗaya, kwaɓi ɗaya, sai a kewaye shi da layi a ba shi lamba. Ƙofar da aka toshe lambarta daban, abin da aka toshe ta da shi ma lambarsa daban, domin aiki biyu ne na lokaci biyu.

Mahaɗa ita ce ke tona asiri. Je ka tsaya inda bango biyu suka gamu. In tare aka gina su, duwatsun za su shiga juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. In kuwa ɗaya ya zo daga baya, za ka ga layi a miƙe daga ƙasa har sama, sahun hagu bai yi daidai da na dama ba. Zura siririn ƙarfe cikin tsagar, ka haska da tocila: bangon da fuskarsa ta wuce ta ɓace a bayan ɗan'uwansa, shi ne na fari, ɗayan jingina masa aka yi. In ka hango tsohon yaɓe a can cikin lungun, inda hannun mai yaɓe ba zai taɓa kaiwa ba yanzu, magana ta ƙare. Haka taga: wadda aka gina tare da bango sahun dutse na zuwa ya tsaya a gefenta cif, wadda aka huda daga baya kuwa za ka ga an kewaye ta da ƙananan duwatsun ciko.

A Ƙal'atul Husni wannan a fili yake. Bangon ciki na bayan 1170 yana da hasumiyoyi masu kusurwa waɗanda ba su fito waje sosai ba. A ƙarni na 13 aka lulluɓe shi ta kudu da yamma da wani ƙaton jingine na sassaƙaƙƙen dutse mai gangara, da manyan hasumiyoyi kewayayyu, aka bar siririn lungu mai rufi tsakanin tsohon bango da sabo. Mai tafiya a lungun, a gefe ɗaya fuskar da a dā take kallon abokan gaba ce yake shafawa.

Misalin da ya fi sauƙin gani yana Rochester a Ingila. An fara babbar hasumiyarta wajen 1127, kusurwoyinta huɗu duk masu kaifi. A 1215 Sarki John ya yi mata ƙawanya, ya sa aka haƙa rami ƙarƙashin kusurwa ɗaya, aka tokare da itace, aka nemo aladu masu ƙiba guda 40 don kitsensu ya ci wuta, tokaren ya ƙone, kusurwar ta zube. Da aka zo gyara a shekarun 1220 sai aka gina ta kewayayya. Har yau uku masu kusurwa ne, ɗaya kewayayya, a ciki kuma ana ganin rabin bakan gizon da gyaran ya yanke.

Amma a kiyaye, ba kowane layi ne zamani ba. A ƙasashen sanyi kwaɓin farar ƙasa ba ya jure ƙanƙara, don haka in hunturu ya kawo jiki sai a tsayar da aiki, a rufe kan bango da ciyawa har bazara. Layin da wannan ke bari a kwance yake, ratarsa wata biyar ko shida ce kawai. Wanda bai sani ba sai ya ƙirga shi sarki biyu.

Malama Mai Alli ta rubuta:

Jikan Magina ya ba ka jeri, bari in ƙara da inda ake samo shekara. Mafi tabbas a ciki itace ne.

Ka lura da ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu da ke jere a jikin irin waɗannan bangaye, wajen mita ɗaya da 'yan kai tsakanin jeri da jeri? Ba na tattabaru ba ne, ko da yake su suka gaje su. Magina kan kwantar da sanda a kan sahun da suka kai, su ci gaba da gini a kanta, a shimfiɗa katako a kan abin da ya fito waje, shi ne gadon da suke tsayawa. In an gama sai a zare sandar, in ta ƙi a datse ta. Guntun da ya maƙale a ciki ya fi zinariya a wurin mai bincike, tunda ba yadda za a yi ya shiga bayan an gina bangon.

Itacen bishiyar oak ta Turai yana ƙara zobe ɗaya a cikin gungumensa kowace shekara, mai faɗi in shekarar ta yi albarka, siriri in ta yi tsanani. Ana huda gungume da ƙarfe mai rami a ciki a zaro sanda kaurin ƙaramin yatsa, a goge ta sumul, a auna kowane zobe har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, sannan a gwada jerin faɗi da sirantar da babban jadawalin yankin har a sami inda ya zauna daram. Zobe ƙasa da 50 ba kasafai yake zama ba, gara 80 ko 100, kuma ba a dogara da gungume ɗaya. Akan ɗebi takwas ko goma daga sashe guda.

Da haka aka juya tarihin hasumiyar Loches a Faransa, mai tsawon kusan mita 36. Saboda kyawun sassaƙar dutsenta an daɗe ana kai ta ƙarshen ƙarni na 11 ko farkon na 12. Da aka auna itatuwan da suka rage a jikinta sai suka ba da 1013 zuwa 1035, zamanin Fulk Nerra mai mulkin Anjou. Haka kyauren babbar ƙofar Chepstow a Wales: itacensa ya nuna an sare shi tsakanin 1159 da 1189, aka dawo da ginin ƙofar zuwa farkon zamanin William Marshal, wanda ya sami wurin ta hanyar aure a 1189, alhali a dā ana ba ta ƙarni na 13.

Inda ake tuntuɓe uku ne, kuma na farko ya fi yawa. In akwai ɓawo, ko gefen da ke ƙarƙashin ɓawo, za a faɗi shekarar sara, wani lokaci har da ko rani ne ko hunturu. Amma kafinta kan fere farin itacen waje saboda shi gara da ƙwari ke fara ci. In farin ya tafi sai iyakarsa da jan ciki, dole a ƙara kimanin zobe 10 zuwa 40 bisa ƙiyasi, shi ya sa ka ga an ba Chepstow tazara ba shekara ɗaya ba. In ko iyakar babu, abin da za a iya cewa kawai "bayan shekara kaza". Sai kuma itacen da aka gada, wanda aka ciro daga tsohon gini aka sake amfani da shi: nemi ramin ƙusa ko gurbin haɗi da ba ya riƙe komai a inda yake yanzu. Na ukun gyara ne, rufin da aka sake bayan shekara ɗari uku a kan tsohon bango.

Kafin wani ya tambaya, wannan dabara ba ta ci a kan azara. Giginya ba ta yin zobe.

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Malama, Allah ya ƙara sani. To inda itace ya ruɓe ko wuta ta cinye fa? Shi kwaɓin da ke tsakanin duwatsu ba ya faɗin komai?

Abu Sumayya ya rubuta:

Yana faɗi ɗan'uwa, amma shaida ne mai yawan kwana-kwana.

Sai ka san yadda ake yin sa kafin ka gane. Ba siminti ba ne. Ana jera dutsen farar ƙasa a matoya a ƙona shi da zafin da ya kai wajen digiri 900, kwana da kwanaki. Iskar kabon da ke cikinsa ta fice: kilo 100 na tsantsar dutse yakan koma kilo 56. A zuba wa wannan ruwa ya tafasa da kansa ya dagargaje, a haɗa da yashi, galibi kashi ɗaya na farar ƙasa da biyu ko uku na yashi. Shi wannan kwaɓi ba bushewa ce ke sa shi ƙarfi ba. A hankali yake zuƙo iskar kabon daga sarari ya sake komawa dutse. To iskar da ya zuƙa ta shekarun ginin ce, kuma ita ake aunawa da gwajin kabon-14, wato wani nau'in kabon da ke raguwa a hankali da tafiyar shekaru.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace ga abin da ke ɓata shi. In matoya ba ta ci sosai ba, ɓarɓashin ɗanyen dutse kan rage, kabon ɗinsa na miliyoyin shekaru ne, ɗan kaɗan ya isa ya tsofar da sakamako da ɗaruruwan shekaru. Yashi mai ɓawon kifi ko garin dutsen farar ƙasa ma haka yake yi. Ta ɗaya gefen kuma, bangon da kaurinsa ya kai mita uku ko huɗu, cikinsa na iya ɗaukar shekaru aru-aru bai gama zuƙa ba, sai ya fito yaro. Saboda haka ba a ɗiba daga tsakiyar bango, ba a kuma ɗiba daga fatar waje inda ruwan sama ke wankewa kuma masu gyara suka sha cikewa. Wuri ake nema mai rufi, busasshe, 'yan santimita kaɗan daga fuska. A ɗakin gwaji a farfasa shi a hankali, a tankaɗe a ɗauki gari mai laushi, a zuba masa asid, a kama iskar da ta fara fita a daƙiƙun farko daban da ta baya, domin kwaɓin gaskiya ya fi saurin narkewa a kan ɗanyen dutse. In kaso na farko da na biyu sun yi kusa da juna, a yarda. In sun yi hannun riga, a zubar. Wasu sun fi son tsinto fararen dunƙulen farar ƙasa da ba su gauraya da yashi ba. Gawayin da ke cikin kwaɓi ma ana gwada shi, amma in tsohuwar bishiya aka ƙona, shekarunta zai ba ka.

Ko an yi komai daidai, kar ka sa ran shekara ɗaya. Abin haushin ma, samfurin ƙarni na 11 da na 12, lokacin da aka fi gina irin waɗannan fadoji, sau da yawa tazarar da yake bayarwa daga wajen 1030 ce har 1160. Wannan ba zai raba maka uba da jika ba.

Ni a ganina amfanin kwaɓi mafi girma da ido ne. Kankare ɗan wuri a kowace lamba, ka duba launi, girman yashi, akwai gawayi ko garin jan bulo ko babu. A Farar Hasumiya ta Landan, wadda aka fara a shekarun 1070, sauyin kwaɓi a tsakiyar tsawonta na cikin abin da ya nuna an tsayar da aikin na wasu shekaru kafin a ci gaba.

Jikan Magina ya rubuta:

Gaskiya ne Malam Abu. In ƙara da cewa duk inda ka ga siminti a mahaɗa, ka tsallake wurin. Aikin masu gyara ne na baya-bayan nan, kuma ɓarna yake yi: ya fi dutsen tauri, yana tsare danshi a ciki, in ƙanƙara ta zo sai fuskar dutsen ta ɓare shi yana nan. Kamar dai yaɓen siminti a kan ginin ƙasa.

Baba Na Zongo ya rubuta:

'Ya'yana, kun manta da takarda, ita ma tana da bakin magana. Fadojin da Sarki Edward na I na Ingila ya gina a Wales lissafin kuɗinsu yana nan. A Harlech, a bazarar 1286, an biya magina 227, mafasa dutse 115, maƙera 30, kafintoci 22 da leburori 546. A Beaumaris, wadda aka fara a 1295, shugaban aikin James na St George ya rubuta wa baitulmali a Fabrairun 1296 yana kukan kuɗi, ya lissafa magina 400 da leburori 2,000, ya ce fam 250 yake bukata duk mako. Kuɗin bai ci gaba da zuwa yadda ya so ba, shi ya sa har yau hasumiyoyinta a guntule suke. Wanda bai karanta ba sai ya ce rusa su aka yi.

Sai dai takarda kan ce an kashe kaza a kan "sabuwar hasumiya", ba ta ce wacce ba. Nan ake komawa ga bango. A Conwy da Harlech ramukan sandar da Malama ta ambata ba a kwance suke ba, nannaɗe hasumiya suke yi suna hawa, alamar an yi gangaren katako ana jan kaya a kai. Ba al'adar Ingila ba ce, ta Savoy ce a tsaunukan Alps, kuma da irin wannan ne masanin tarihi Arnold Taylor ya bi sawun James har can. Rubutun jikin bango ma a yi hattara da shi. Sunan Baibars shaida ne a kan hasumiyar da yake jikinta, in har dutsen na zaune a sahunsa ba cusa shi aka yi ba. Ba shaida ba ne a kan ganuwar waje gaba ɗaya, wadda har yanzu masana ke saɓani ko farkon ƙarni na 13 ce ko tsakiyarsa.

Kusa da mu akwai Elmina a gaɓar Ghana, kuma can kayan ginin ne ke raba zamani. Mutanen Fotugal ƙarƙashin Diogo de Azambuja sun sauka a Janairun 1482 da mutum kimanin 600, ɗari daga ciki magina da kafintoci, sun zo da sassaƙaƙƙen dutsen ƙofofi da tagogi a jirgi, sauran suka fasa a wurin. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637 bayan sun hau da igwa tudun da ke kallonta. Su kuma ƙananan bulo masu ruwan ɗorawa suke kawowa a gindin jirgi don ya yi nauyi, da su suke yin baka da gefen taga. In ka ga wannan bulo a zaune cikin kwaɓinsa na asali, bayan 1637 ne. Cocin Fotugal da ke tsakar gida ma raba tsawonta suka yi da bene suka mai da ita wurin ciniki. Wahalar Elmina farin fenti ne da yaɓe, sun rufe mahaɗa duka, sai an jira lokacin gyara da aka kankare kafin a yi zane.

Ƙasa ma tana da nata. Tsohon garin da ke gindin fadar, Ingilishi sun yi masa ruwan igwa a watan Yunin 1873, a rundunarsu ta ranar har da dakarun Hausawa, kuma ba a sake gina wurin ba. Da masanin haƙar kayan tarihi Christopher DeCorse ya soma haƙa a can a shekarun 1980, ya san abin da ke ƙarƙashin ɓaraguzan bai wuce 1873 ba.

Malama Mai Alli ta rubuta:

Baba, tunda ka taɓo haƙa, bari in ƙarasa wa mai tambaya, don nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Ana yanka rami a gicciye zuwa gindin bango, ba a bi tsawonsa, domin in ka bi tsawonsa ka raba bangon da ƙasar da za ta ba da shaida a kansa, ba kuma za ta dawo ba. A jikin yankan za ka ga ramin harsashi: ƙasa mai wani launi daban, a cakuɗe, ta sauka a gefen tushe. Duk shimfiɗar da ramin ya yanka ta girmi bango. Duk wadda ta kwanta a kansa ta jingina da bango, bango ya girme ta. In an tsinci kwabo a cikin cikon ramin, abin da ya faɗa kawai shi ne ba a gina bangon kafin a buga kwabon ba. Zai yiwu ya yi shekara 40 yana yawo a hannun mutane kafin ya faɗi.

Kuma kar a ɗauka tudun ƙasa kullum ya riga ginin da ke kansa. A Doué-la-Fontaine a Faransa, da Michel de Boüard ya haƙa tudun a ƙarshen shekarun 1960, sai ya tarar da gidan dutse na wajen shekara ta 900 a cikinsa. Wuta ta ci gidan, aka ƙara masa tsawo ya zama hasumiya, aka toshe ƙofofin ƙasa aka huda wata a sama, daga baya aka tara ƙasa aka binne gindinsa. Jan da wuta ta yi wa duwatsun ya tsaya ne daidai inda tsohon bango ya ƙare, sahun da ke sama da nan bai ga wuta ba.